Faifan da Motar Goggo Ta Yarda da Shi

Motar Goggo ba ta karɓar kowane irin faifai. Da na san haka, da ban buɗe baki na ce wa Yaya ta share hawayenta ba.

Bikin Yaya ne ya matso, babbar yayata. A shekarun nan duk amaryar da ta isa a Kaduna sai an yi mata waƙarta a sitidiyo: a ambaci ango, a ambaci iyaye, a bi dangi ɗaya bayan ɗaya ana yi musu kirari. Sai a ɗora a faifan sidi, a manna hoton ango da amarya a kai, a zuba cikin ledar rabon biki tare da kofi da kalanda. Yaya tana can tana fama da tela da mai lalle, sai ta tura Anti, ƙanwar Mamanmu, ta je ta faɗa wa mawaƙin su wa da wa za a saka. An ba kura ajiyar nama.

Ranar da waƙar ta iso gidanmu a Malali muka taru a falo muka kunna. Baitin Baba ya wuce, na Mama ya wuce, sai na Anti ya shigo. Aka yabi ofishinta, aka yabi takunta, aka yabi ɗaurin ɗankwalinta, har turarenta sai da mawaƙin ya ce ya ji ƙamshinsa tun daga bakin titi. Na tashi na shiga kicin na sha ruwa na dawo, ana nan kan Anti. Can ƙarshe, kiɗa yana shirin mutuwa, mawaƙin ya ja numfashi ya ce: "Goggon amarya, giwa mai jan ayari, Allah ya ja kwana." Shi ke nan. Ganga ta tsaya.

Yaya ta ɗora hannu biyu a ka. "Na shiga uku."

Goggo yayar Baba ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Tana sayar da atamfa da leshi a kasuwa, gidanta kuma yana Kurmin Mashi. A danginmu goggo ce uwar amarya: ita ke riƙe hannunta ta kai ta ɗaki, ita ke ce wa dangin ango ga amana. In ba ta zo ba, Baba ba zai yarda a kai amarya ba, ko da motoci za su kwana a ƙofar gida. Kuma Goggo ta iya fushi, fushi mai tsafta, ba hayaniya. Ta taɓa ƙin zuwa sunan ɗan wani ɗan'uwanmu don an aika mata goron gayyata ta hannun maƙwabciya. Wannan matar za a ce wa an ba dangin uwa turare da ɗankwali, ita an jefa mata layi ɗaya kamar sadaka?

Sake waƙar ba zai yiwu ba. Mawaƙin ya wuce Kano wani bikin, dangin ango kuma tuni sun kai an buga musu faya-fayan a kasuwa. Ga ledoji nan jibge a ɗakin Mama, an ɗaɗɗaure bakinsu.

Ni a lokacin na gama sakandare, ina zaman jiran sakamako, ba ni da aikin yi sai tsokana. Yayanmu namiji ya tafi bautar ƙasa ya bar mini kwamfutarsa, kuma a ciki akwai wani abu da ke shimfiɗa waƙa a gabanka kamar haƙoran mataji, ka yanki inda kake so ka liƙa inda kake so.

Na ce, "Yaya, don Allah ki rufe mana baki, kin cika mana kunne. Zan gyara."

Na yanko layin Goggo na liƙa shi bayan baitin ango. Na sake liƙa shi bayan na Mama. Na datse turaren Anti da takunta, na bar mata ofis da ɗankwali don kada ta mutu, na cusa giwa a gurbin. Kafin la'asar layin Goggo ya zama amshin waƙar gaba ɗaya. Mama ta tsaya a bakin ƙofa da ludayi a hannu ta saurara har ƙarshe.

Ta ce, "Ni ban ji ba, ban gani ba." Ta juya, ta yi taku biyu, ta waiwayo. "Amma ki ƙara ɗaya bayan baitin Babanku, wajen ya yi fili."

Dabarar mai sauƙi ce. Ranar biki ba mai jin kalma, daga ƙarar sifika sai guɗa. Goggo kuma ba ta buɗe ledar biki, jibge su take a saman sif har kofunan su yi tsatsa. A gida ba ta zaman jin waƙa. A mota take ji, wata tsohuwar 'yar Kwatano da take tuƙawa da kanta, kujera a manne da sitiyari. In har akwai faifanta a cikin motar nan yana yi, ba za ta nemi wani ba. Abin da ya rage kawai in ɗora waƙar a faifai. Na saka sabon faifai, na jawo waƙar na jefa a kansa, kwamfuta ta yi 'yar ƙara, faifai ya fito da ɗuminsa. Na saka a dibidin falonmu, ya yi raɗau. Washegari da sassafe na yafa gyale na hau bas.

Na samu Goggo a ƙofar gida tana shirin fita kasuwa.

"Ke kuma daga ina da sanyin safiya, uwar rashin kunya?"

"Ina kwana, Goggo. Waƙar biki na kawo miki. Ke aka fara kawo wa, ko Baba bai samu nasa ba."

Ta kalle ni ta saman tabarau. "Ashe an fara hankali a gidan naku. Shigo mota mu ji."

Na tura faifan. Motar ta haɗiye shi, ta yi shiru, ta yi gurnani kaɗan, sannan ta turo shi waje kamar yaron da aka ba maɗaci. Na sake turawa. Ta sake tofarwa. Na hura masa iska, na goge da gefen gyale, na yi bisimilla a bayyane. Ta tofar.

"Ba ta so," in ji Goggo.

"Goggo, motar ce ta tsufa."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi. Motar nan tana cin faifan karatu tun kina yawo da majina. Naki ne dai na banza. Ba an ce akwai wasu a leda ba? Ki kawo mini ɗaya daga ciki."

Bakina bai tsaya ba. "Haba Goggo, na leda ai na gayya ne, na kowa da kowa. Ke a ba ki irin wanda za a ba mai wanke-wanke? Naki na musamman ne. Gobe zan kawo."

Wannan ta shige ta. Ta gyara zaman tabarau ta ce in sauka mata daga mota.

A hanya na kira yayanmu mai kwamfutar. Ya yi dariya har na ji kamar in shiga wayar in shaƙe shi. Ya ce abin da na yi zuba waƙa ne a faifai kamar yadda ake zuba hoto, a dunƙule. Dibidin falo ɗan zamani ne, ba abin da ba ya ci. Amma rediyon tsohuwar mota ba ya warware ƙunshi, sai an shimfiɗa masa waƙar irin ta faifan kanti. Akwai wurin da zan danna in zaɓi odiyo.

"Sannan kuma ki tabbata..."

Na kashe. Na ji abin da nake nema, sauran surutu ne.

Na zaɓi odiyo. Kwamfuta ta tambaye ni gudun da za ta yi, ga lambobi daga ƙarami zuwa babba. Wane mahaukaci ne zai zaɓi ƙarami? Na danna mafi girma. Tana aiki ina buga karta a gefe guda na allon. Da ya fito, sai na ga ai faifan musamman bai kamata ya tafi tsirara ba. Na ɓare sitika mai hoton ango da amarya daga jikin wani na leda, na shafa mata gam, na danne a kan nawa.

Washegari motar ta haɗiye ba ta tofar ba. Kiɗa ya tashi. Na kalli Goggo ina murmushin wadda ta ci gari. Baitin ango ya wuce da 'yar tangarɗa, sai mawaƙin ya ja numfashi.

"Gog-gog-gog-gog-goggon ama-ma-ma-ma..."

Ya tsallake, ya faɗa tsakiyar baitin Mama, ya dawo. "Gi-gi-gi-gi-giwa..."

Goggo ta rage murya a hankali. "In'ina aka ɗauko ya yi mini waƙa?"

"Faifan ne, Goggo, wallahi ba..."

"Kowa an kira shi lafiya lau, sai a kaina harshensa ya karye?"

Na danna maɓallin fitarwa. Shiru. Na sake dannawa. Motar ta yi ƙara kamar mai kakarin amai, bakin faifan ya leƙo ya koma. Zafin rediyon ya narkar da gam, sitikar ta tashi ta naɗe a ciki. Muka duƙufa ni da Goggo, ita da fil ɗin ɗankwalinta, ni da tsinken tsire da na tsinta a ƙasa, duk lokacin nan mawaƙi yana ta gi-gi-gi a kanmu. Da ƙyar muka zaro shi. Rabin fuskar ango ya zauna a cikin motar, ina jin har yau yana can.

Goggo ta goge zufa da bakin mayafi. Ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

"Gobe in na taso kasuwa zan biyo Malali. Zan shiga ɗakin uwarki da ƙafata in ɗauki na gayyar. Na gaji da na musamman."

Da na faɗa a gida, Yaya ta zauna a ƙasa daɓas, lallen hannunta ko bushewa bai yi ba. Ta ce in Goggo ta ji layin nan ɗaya tal, ita kam ta san a gidan Baba za ta tsufa da lefenta. Mama ta ce a yi addu'a. Anti, wadda ta ƙulla duk wannan, ta bugo waya tana tambaya ko an samo mata takalmin da zai shiga da ashobe.

Na sake kiran yayanmu. Na yi masa sallama har da tambayar aiki, abin da ban taɓa yi ba.

"Da kin bari na gama magana," in ji shi. Ya ja ta kuwa, don ya san dole in saurara. Wai in an ɗora da gudu, rubutun da ke jikin faifan ba ya zama daram, sabon inji zai karanta, tsoho kuwa idonsa ya yi rauni sai ya riƙa tuntuɓe. In zaɓi mafi ƙanƙantar lamba. In cire hannuna daga kwamfutar har ta gama, ba karta ba komai. Kada in sayi faifan nan da ake gogewa a sake, tsofaffin motoci ba sa ganinsa. In danna inda ake rufe faifai bayan an gama, in ba haka ba wasu injinan suna ɗauka ba a gama ba. Sitika kuwa, ya ce ko a mafarki.

"Sai kuma haƙuri," ya ƙara, "wanda na san ba a raba da ke ba."

Ban taɓa sanin azaba ba sai da na zauna gaban koren layin nan da ke nuna inda aikin ya kai yana rarrafe a allo. Na zauna a kan hannuwana don kada su taɓa komai. Na ƙirga silin. Na yanke farce. Layin ya kai rabi, ya wuce rabi, ya kusa baki, sai fanka ta yi wani juyi na kasala ta tsaya. An ɗauke wuta. Na yi wata ƙara da ta sa Mama ta fito da gudu tana salati, ta ɗauka wuta ce ta ja ni.

Faifan da aka katse ya mutu ke nan, ba ya tashi. Na jefa shi kan 'yan'uwansa. Janaretan Baba kuwa doka ce, ba a tayar da shi da rana, na labaran dare ne. Na same shi a zaure yana karanta jarida.

"Baba, a tayar da jen."

"Da tsakar rana? Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu tukuna. Amma in ba a tayar ba, Goggo za ta ji waƙar biki yadda take."

Baba ya sauke jarida. Ya ji waƙar ranar farko, kuma ya san yayarsa tun kafin a haife mu. Bai tambaye ni komai ba. Ya tashi ya naɗe hannun riga ya ja igiyar da kansa.

Wannan karon da ya fito ban yarda da dibidin falo ba, munafuki ne, kowa nasa ne. Na rubuta "Goggo" a jiki da baƙin alƙalami, na fita farautar tsofaffin injina. Na fara da motar Baba, ya yi. Na shiga wurin telan layinmu, mai wata rediyo da ake ɗaure murfinta da roba, na cire masa abin da yake ji ba tare da na tambaya ba. Ya yi. Maƙwabcinmu ɗan fansho yana wanke motarsa wadda ta girmi ta Goggo, na gaishe shi har ƙasa na shige gaba na zauna. Ya tsaya da soso a hannu yana jin giwa tana wucewa tana dawowa.

Ya ce, "Wannan goggon taku ita ta biya mawaƙin ne?"

"Ita ta haifi mawaƙin, Baba."

Washegari da yamma na tsaya a bakin get kamar mai gadi. Motar Goggo na tsayawa, kafin ta zare makulli, na buɗe ƙofa na faɗa ciki na tura faifan.

"Ke! Fitar mini da..."

Kiɗa ya tashi, sumul. Baitin ango ya wuce ba tuntuɓe. Mawaƙin ya ja numfashi. "Goggon amarya, giwa mai jan ayari, Allah ya ja kwana." Hannun Goggo da ke kan makulli ya sauka kan cinyarta. Baitin Baba, sai giwa. Baitin Mama, sai giwa. Anti ta leƙo cikin waƙar da ɗankwalinta, kafin ta gyara tsayuwa giwa ta bi ta kanta. Goggo tana kallon gaba, fuska a ɗaure, amma babban yatsan ƙafarta yana motsi a kan birki.

Da ya ƙare ta ce, "Mawaƙin nan yana da ciwon ƙirji ne? Duk sanda zai kira ni sai ya ja numfashi iri ɗaya sak."

"Nauyin sunan ne, Goggo. Ba a ɗaga shi haka kawai."

Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Na ƙi ƙiftawa.

"Maido shi farko," ta ce.

Ba ta shiga ɗakin Mama ba ranar. Ko ruwa a mota aka kawo mata.

Ranar kai amarya, bayan la'asar, motar Goggo ce a gaba. Yaya tana baya lulluɓe tana kukan al'ada, wata tsohuwa a gefenta, ni kuma a gaba, don Goggo ta ce in zauna kusa ko injin zai yi gardama. Gilasai a sauke, giwa tana tashi har masu shago suna leƙowa. Gidan ango yana Doka. Muna isa shataletale muka faɗa cunkoso, ayari ya watse, motoci suka jeru gefe da gefe. Wata mota ta matso dab da tagar Goggo. Anti ce da ƙawayenta, su ma gilasai a sauke, sun saka na leda sun ƙure murya.

Namu ya zo ƙarshe ya yi shiru daidai lokacin da nasu yake tsakiyar turare. Na kai hannu zan maido shi farko, Goggo ta buge mini hannu.

Muka ji ofis. Muka ji taku. Muka ji ɗankwali, muka ji ƙamshi tun daga bakin titi. Kukan Yaya ya tsaya cak a ƙarƙashin mayafi. Mai rake ya zo taga ya ga fuskokinmu ya wuce. Can kiɗa ya fara mutuwa, mawaƙin ya ja numfashinsa, giwa ta wuce sau ɗaya, ganga ta tsaya.

Na kalli hanyar da ke komawa Kurmin Mashi. Tana nan a hannun dama, a buɗe, ba ko mota ɗaya.

Goggo ta leƙa ta taga. "Ke! Ina kika samo wannan?"

Anti ta rage murya. "Na leda ne, Goggo. Wanda dangin ango suka bugo a kasuwa."

Goggo ta yi tsaki mai tsawo, ta girgiza kai.

"Kasuwa! Ni za a gaya wa 'yan kasuwa? A ce maka turmi guda, ka je gida ka warware ka tarar an zare yadi. Yanzu har waƙa suke yankewa? Dubi yadda suka cinye amshin gaba ɗaya suka cika da shirme." Ta nuna rediyonta da yatsa. "Ga na asali nan. Kashe wannan jabun kada ki ba mu kunya a unguwar mutane."

Anti ta buɗe baki. Ta kalle ni. Na zuba mata ido, na ɗaga gira ɗaya na nuna mata bayan mota, inda amarya take zaune ba ta ko numfashi. Anti ta rufe bakinta, ta kashe.

Hanya ta buɗe. Goggo ta saka giya, ta miƙe Doka.

"Ke kuma," ta ce ba tare da ta kalle ni ba, "in an gama biki ki zauna ki buga wa dangin ango na gaskiya, kowa da nasa. Kada su ce haka muke, ba mu san girman manya ba."

"Goggo, kin san daɗewar da guda ɗaya yake yi kuwa?"

"Ina ruwana? Aikin me kike yi?"

A ƙofar gidan ango ta kashe mota, ta gyara mayafi, ta zagaya ta buɗe ƙofar baya da kanta. Ta kamo hannun Yaya.

"Taso, ɗiyata. Da ƙafar dama."